Jaki da Shirwa a Gaban Motata

A Paikon Kore na girma, a zamanin da Abuja take wani wuri da manya ke zuwa aikin gini su dawo mana da burodi. Gidanmu gidan manoma ne. Babana masallaci yake zuwa, ƙaninsa coci, Kaka kuwa tana da nata lamarin da ba ta cika zancensa ba, amma duk tukunya ɗaya muke ci. Idan sabuwar doya ta fito, da an gama tuwon yamma sai Kaka ta jawo 'yar kujerarta bakin murhu, ta tura doya cikin garwashi, mu kuma mu kewaye ta muna haɗiyar yawu.

Da Gbagyi take faɗa, da Gbagyi take addu'a, amma da Hausa take tatsuniya, saboda iyalan 'yan ƙwadago da suke zuwa daga arewa su yi mana aikin gona su ma suna zama tare da mu. Hausarta ba ta san mace ba, ba ta san namiji ba. Idan muka yi dariya sai ta nuna mu da itacen tona wuta ta ce, "Hausa baƙo ne a bakina, ku bar shi ya zauna yadda ya ga dama."

Ba ta buɗe tatsuniya kamar kowa. Cewa take, "Ga ta nan tafe da kaya a kafaɗa." Mu kuma mu amsa da ƙarfi, "Ta sauke mu gani!"

Wadda ta fi zauna mini ita ce ta Asabe. Wai an yi wata shekara da yunwa ta sa mutanen wani gari suka cinye har irin doyarsu. Damina ta kawo kai, babu abin shukawa. Maza duk sun galabaita, sai Asabe ta ce za ta je garin kawunnanta a bayan duwatsu ta roƙo iri, alhali ba ta taɓa zuwa ba. Tsohon jakin gidansu ya ce zai raka ta, domin ya bi hanyar nan tun yana ɗan ƙarami, kowane dutse yana cikin kansa. Wata shirwa da ke kan bishiyar ɗorawa ta ce ita ma za ta je, tunda daga sama babu abin da ke ɓoye mata.

Tun daga bakin gari suka fara gardama. Jaki ya ce shirwa ba ta taɓa taka ƙasa ba balle ta san hanya. Shirwa ta ce jaki hanyar jiya ya sani, ita kuwa ta yau take gani. Da suka kai wata mararraba, shirwa ta sauko da gudu ta ce kuraye sun kwanta a kan tsohuwar hanya, a bi ta hagu. Jaki ya kafe, wai tun da uwarsa ta haife shi miƙewa ake yi. Asabe ta kama kunnensa ta ja shi hagu, suka tsira.

Can sai hadari ya haɗo, gari ya yi baƙi. A nan Kaka takan ɗaga kai ta dubi sama ta tafa hannu. "Shirwa ya tafi! Asabe ya kira, ya kira, babu shi." Ruwa ya goce kamar da bakin ƙwarya, ba a ganin ko tafin hannu. Jaki ya sunkuyar da kai ya shiga gaba, Asabe ta riƙe wutsiyarsa har bakin kogi.

A bakin kogin ne jaki ya nuna inda aka saba ƙetarewa. Asabe ta duba ta ga ruwa ya cinye gaɓar, wurin ya zama rami. Jaki ya rantse nan ne. Ita kuwa ta tsuguna ta ga sawun shanu ya karkata ya bi gefen kogi. Ta bi sawun, ta sami sabon mashigi, suka haye. Ta dawo gida da irin doya, garinsu ya yi shuka.

"Na sauke kayana," in ji Kaka, "mai ƙarfi ya ɗauka."

Mu kuwa sai faɗa ya kaure. Wasu na jaki, wasu na shirwa. Ni 'yar shirwa ce, don ina son abin da ke tashi. Na ce, "Kaka, to wa ya fi?" Ta ciro doya daga wuta tana kankare ta da wuƙa, ko kallona ba ta yi ba, ta ce, "Talatu, wa ya kawo doya gida?"

Ban gane ba a lokacin. Doyar nake jira.

Yau ni direba ce. Ina tuƙa tasi a Abuja, aikin da ba kasafai ake ganin mace a kansa ba. Da na fara, maigidana ya sayo mini na'urar nuna hanya a kasuwar Gudu, 'yar ƙarama da ake mannawa a gilashin gaba. Taswirarta na cikin cikinta, ba ta neman data, ba ta neman sabis, sai dai ta tsufa: akwai gadojin da aka gina da har yau ba ta yarda suna nan ba. Daga baya kowa ya koma waya, wadda ke gaya maka inda gosulo yake tun kafin ka isa. Ni ma na saka taswirar a wayata, amma ban cire tsohuwar ba. Direbobi suna tsokanata, "Madam, wannan kayan tarihin fa? Kai shi gidan ajiya."

Wata ranar damina da hantsi na sauke fasinja a Kuchigoro, inda 'yan gudun hijira suke zaune. Ina juya mota sai wata mata ta tare ni, goyo a bayanta, mayafinta a hannu. Sunanta Hajara. Mijinta yana ƙwadago a wata gona can bayan Kwali, an bugo mata waya cewa kububuwa ta sare shi, kuma babu mota a ƙauyen. Direbobin da ta roƙa duk sun ƙi saboda hanya.

"Anti, don girman Allah," ta ce. "Shi kaɗai ya rage mini. Duk sauran mun baro su a can."

Na ce, "Shigo, ƙanwata."

Na rubuta sunan ƙauyen a waya, na rubuta a na'ura. Mun hau titin filin jirgi ke nan sai waya ta nuna jan layi a Giri, hanya ta toshe, ta ce in bi ta Kuje. Na'ura ta dage in miƙe. Na karya sitiyari na bi Kuje, na'ura tana ta mita in juya. Daga baya na ji tirela ce ta faɗi ta tare titin har la'asar.

Bayan Kwali muka sauka daga kwalta muka hau burji. Ruwa ya sauko. Ba mu yi nisa ba sabis ya ɗauke, na kuskure wata kwana, waya ta tsaya tana juya ɗan da'irarta, ta kasa nemo sabuwar hanya. Hajara ta dube ta, ta dube ni, ta fara salati. Na ƙara wa na'ura murya. Hankalinta kwance ta ce in yi dama, in yi hagu, tana bin wata tsohuwar hanyar gona da ba ta manta ba.

Sai muka iske kwalbati ya karye, ruwa na gudu a inda hanya take. Na'ura ta ce in miƙe. Na fito cikin ruwan sama, takalmina a hannu, na duba ƙasa. Sawun babura ya kauce ya bi gefen wata gonar rogo. Na taka shi da ƙafa na ji tsakuwa ce a ƙarƙashi, ba laka ba. Na koma na sa giya ɗaya, na ce wa Hajara ta riƙe ɗanta da kyau. Muka haye.

Mun sami mijin a ƙarƙashin wata rumfa, ƙafarsa ta kumbura, dasashinsa na zubar da jini. Abokan aikinsa suka ɗora shi a kujerar baya, na kai shi asibiti a Gwagwalada. Likitar da ta karɓe shi ta ce mun zo a kan gaɓa. Ya kwanta, ya tashi, yanzu haka yana noma.

A hanyar komawa gida ranar ne na yi dariya ni kaɗai a mota, har hawaye. Kaka, matar da ba ta taɓa riƙe waya ba, wadda ta rasu kafin a kawo wuta garinmu, ta riga ta gaya mini yadda zan zauna da waɗannan abubuwa biyu. Ɗaya ya riƙe jiya, ɗaya yana ganin yau, kowanne yana da ranar da zai cece ka da ranar da zai kai ka rami. Ba a zubar da tsoho don ya tsufa, ba a raina sabo don yana gudu idan hadari ya taso. Amma mai tafiyar ita ce ke da alhakin isa, kuma ita za a tambaya.

Ina alfahari da cewa daga bakin wancan murhun na fito. Yanzu babbar 'yata na koyon mota a hannuna. Da ta zauna sai hannunta ya tafi kan waya. Nakan riƙe hannun in ce, "Tukuna. Fara nuna mini gabas." Tana tura baki, amma tana nunawa, kuma ba ta kuskure.