Asu a Adakar Hajiya

Shekara biyu bayan rasuwar Baba, asu ya shiga alkyabbarsa ta ulu. Hajiya ta adana ta a adaka, a gidanmu na Soron Ɗinki, ta hana a wanke, ta hana a shanya. Har yanzu ƙanshin jikinsa na wuyan rigar, in ji ta, kuma rana za ta kwashe shi.

Lokacin ina karatun ƙwari a jami'a, ina ji da kaina. Na kawo mata tarko, ɗan kwali mai danƙo. Na zauna na zuba mata lacca: macen asu tana sakin wani ƙanshi, namiji kuma yana da gashi biyu a ka, cike da jijiyoyin da wannan ƙanshin kaɗai suke jira. Da ya taɓa su, saƙo ya tafi ƙwaƙwalwa, sai ya taso bai san inda kansa yake ba. An shafa irin ƙanshin a kwalin, mazan za su zo su manne.

Ta kai kwalin hanci. "Ni ban ji komai ba."

"Ba don hancinmu aka yi ba, Hajiya."

"Ke dai kin sha boko. Wace mace ce take kiran namiji da abin da ba ya ƙanshi?"

Na manta jikar Barebari ce, da humra aka yaye ta. Abin da na ɓoye mata shi ne tarkon ba ya kama tsutsar asun, alhali ita ke cin ulun. Rana ce magani, na sani, amma na kasa sake faɗa.

Da na dawo hutu, ina buɗe adakar humra ta buge ni. Ashe Hajiya ta tsiyaya wa kwalin ita, wai ta taimaka masa. Man humrar ya kashe danƙon, ko asu ɗaya babu. Alkyabbar kuwa ta zama rariya. Raina ya ɓaci, na buɗe baki zan yi faɗa, sai na ga ta ɗauke ta tana shinshina wuyan. Ta juya, ta sake shinshinawa.

"Humra kawai nake ji," ta ce. "Ke kina jin sa?"

Na karɓa na shinshina. Ban ji shi ba.

Ta ninke ta a hankali ta miƙo min. "To, je ki shanya."