Ɗaurin Kara a Katanga

Autata ƙwari take karanta. Na ce mata mutane na karatun likita, ke kin zaɓi bin ƙuda. Ta ce, "Ummi, ƙudan zuma ne, irin da ba ya yin zuma. Rushe tsofaffin gidaje ya hana shi wurin ƙwai." Ban ga amfaninsa ba.

Sai ta fara yanka kara gajeru, ta ɗaure su ɗauri-ɗauri da zare, ta rataye a katangar saman gidanmu a unguwar Kurayyat, nan Jidda. Tun ranar hankalina bai kwanta ba. Mu Takari ne. A garin nan in aka ce baƙar tsohuwa na sihiri, ba a tsayawa tambaya, kuma iƙamarmu, takardar zamanmu, duka a hannun kafili ɗaya take, wanda ya tsaya mana.

Wata safiya autata tana jami'a, maƙwabciyarmu Balarabiya ta buga ƙofa. Ɗaya daga cikin ɗaurin ne a hannunta, ta riƙo shi da leda. Iska ta jefa shi ɓangarensu.

"Ya Hajja, mene ne wannan? Ƙulli, zare, baki a toshe. Jikana kwanansa nawa da zazzaɓi!"

Na dafe ƙofa. Ta ce mijinta na dawowa za su kai wa hukuma.

Na ce, "Zauna. Yadda kuke kwance sihiri, kwance shi a gabana."

Ta karanta Falaƙi da Nasi, tana tofawa, tana warware zaren. Ni ma ina karantawa a zuci, don wallahi ban taɓa ganin cikinsa ba. Da an sami gashi ko 'yar takarda, halas, mun gama zama Jidda.

Na ɗauko wuƙar albasa na tsaga kara ɗaya. Ganye ne a ciki, an naɗe shi ɗaki-ɗaki, kowane da ɗan gari rawaya da farar tsutsa. Ta warware ganye guda, ta jujjuya shi, yankakke kamar da almakashi. Ashe ƙudan nan ne ke yanko ganye yana yi wa ƙwansa ɗaki.

"Ganyen wardina ne, furen da na shuka! Ina ta zagin yara, ashe ɓarawon a gidanku yake kwana."

Ba ta yi dariya ba, ni ma haka. Ta tsaga sauran karan ɗaurin duka, ɗaya bayan ɗaya, har ta gamsu. Ta wanke hannu ta fita.

Da autata ta dawo ta ga tsutsotsin a tire, sun bushe. Ta durƙusa tana kuka, wai aikin bazara guda ne.

Na ce, "Yalla, tashi. Hau ki kwance sauran na katanga, ki kai gonar jami'arku."

Ta kwance. Ba a kai mu ko'ina ba. Amma har yau in maƙwabciyar ta hau shanya, sai na ga tana bin katangarmu da ido, ni kuma ina bin ta.