Malama Don-Me da Cutar da Ta Gada

Haihuwa da Ƙuruciya

An haife ta a shekarar 1966, a wani ƙaramin gari da jirgin ƙasa ke ratsawa. Mahaifinta mai gyaran agogo ne, mahaifiyarta kuwa tela. Kasancewar yayanta ya taso da naƙasar ƙwaƙwalwa ba a san dalili ba, likita ya ɗebi jini a diddigenta tana da kwana tara. Sakamakon ya tabbatar da cewa ta gaji wata cuta da ba kasafai ake samunta ba, wadda ke hana jiki sarrafa wani sinadari da ke cikin nama da madara da ƙwai, har ya taru ya lahanta ƙwaƙwalwa. Aka haramta mata su. Yawan tambayar me ya sa kwanonta ya bambanta da na kowa shi ya jawo mata laƙabin Don-Me.

Karatu da Aiki

Tana da shekara goma sha biyu likitoci suka sahale mata cin komai, bisa fahimtar zamanin cewa haɗarin ya wuce. A 1987 ta kammala makarantar aikin lafiya, ta kama aiki a ɗakin gwajin jini na asibiti.

Aure da 'Ya'ya

A 1989 ta auri direban motar asibitin. Bayan shekara guda ta haifi ɗa mai ƙaramin kai da raunin zuciya, amma gwaji ya nuna bai gaji cutar ba. Abin ya ɗaure mata kai. An ruwaito cewa ta ce wa likitan yara, "To, likita, in bai gada ba, me ya taɓa min shi?"

Ta shafe shekara biyu tana bincike, tana gwada jininta duk mako, har ta gano cewa sinadarin da ya taru a jininta ne ya ratsa zuwa ga ɗan tayin. Wata shida kafin ta sake ɗaukar ciki ta koma tsohuwar ƙa'idar abincinta, tana auna kowace loma a sikeli. Mijinta ya daina shigo da nama gida, yana raha cewa, "Na auri ma'aikaciyar lafiya, ta mayar da ni zomo." A 1994 ta haifi 'ya mace lafiyayya, daga baya kuma ta haifi autanta namiji.

Ƙarshen Rayuwa

Daga 1996 ta duƙufa neman mata masu irin cutarta da aka sahale wa cin komai kamar ta. Ta samu goma sha ɗaya, biyu daga ciki sun riga sun ɗauki ciki. Sauran tara ta kai su ga likita kafin lokaci ya ƙure.

Ta rasu ranar 3 ga Maris, 2021, bayan gajeruwar jinya, aka binne ta kusa da mahaifiyarta. Ta bar miji da 'ya'ya uku: auta, makaniki; ta tsakiya, malamar lissafi; da babbansu, mai shekara talatin da ɗaya, wanda har yanzu yake fito da kujerarta ƙofar ɗaki a lokacin da ta saba dawowa daga aiki.