Malam Bawa da Ƙasar Kogon Jemagu

Tun ina saurayi nake jin wai akwai ƙayar kifi binne a kogon jemagu da ke bayan garinmu, can bisa dutse inda ko akuya sai ta huta kafin ta kai. Na ɗauke shi zancen masunta. Wanda ya raba ni da shakkar nan shi ne Malam Bawa, kuma 'yarsa ce ta bugo mini waya ranar Laraba bayan azahar, ta ce, "Baba, abokinka ya cika." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Malam ya koyar da labarin ƙasa a makarantun Ngaski har ya yi ritaya, daga nan ya maida kogon nan wurin aikinsa, da 'yar wuƙa da tocila. Wata rana ya ja ni ciki, ya kankare gefen wani rami, ya nuna mini ƙasar hawa bisa hawa. Ga baƙin layi na toka, shekarun fari da daji ya yi ta cin wuta. Ƙarƙashinsa ga yashi mai ɓawon katantanwa da ƙayar kifi, zamanin da ruwa ke kusa, tun ba a yi mafarkin dam ba. Yakan ce, "Mu tsofaffi muna sa wa labari gishiri. Ƙasar nan ba ta sawa."

Mu kuwa taki muka sani, domin kashin jemage ke raya albasarmu. Abu ɗaya ya roƙe ni: a bar masa kusurwar dama har masu bincike su zo daga jami'a. Na yi alkawari. Bara takin zamani ya yi wuyar samu, 'ya'yana suka ja amalanke suka nufi dutse. Ina zaune a inuwa, na ƙara wa rediyo murya kamar ban gan su ba.

Malam ya je ya tarar an haƙe kusurwar dama. Da aka cire albasa, kunya ta sa na kai masa buhu. Ya ɗauki guda, ya shinshina, ya ce, "Sarkin Albasa, wannan ta girmi kakanninmu. A ci ta da ladabi." Ya yi dariya, ni na kasa. Da zagina ya yi, da na fi samun sauƙi.

A wurin ta'aziyya mai ɗakinsa, Inna Hajo, ta ce mini, "Malam ya ce akwai saura a kusurwar nan, kamar faɗin tabarma. Bai aiko ni ba, ni na ga dama in faɗa." Nan take na kira 'ya'yana gaban jama'a, na ce duk wanda ya sa shebur a wurin, ban yafe ba. Babban ya sunkuyar da kai. Rani na tafe, kuma ban san ranar zuwan masu binciken ba.

Allah Ya jiƙan Malam Bawa, Ya haskaka kabarinsa, Ya ba Inna Hajo da 'ya'yansa haƙuri. Ni kuma Ya ara mini kwanan da zan tsare masa abin da ya rage. Amin.