Shamuwar da Ta Makara

A gidanmu na Zurmi komai da lokacinsa. A yi magariba, a ci tuwo, sannan mu kewaye murhu muna ɓarar gyaɗa, kakarmu Inna ta ba mu tatsuniya guda ɗaya, ba ƙari.

Shekarar da nake nufi ita ce wadda Babana ya dawo daga yaƙi. Soja ne. Ya shekara biyu babu wasiƙa, har wani direban Kaura Namoda ya kawo labarin an kashe shi. Ƙanensa, Baffa Sani, ya shimfiɗa tabarmi ya karɓi gaisuwa, aka yi sadakar uku da ta bakwai. Sai ga Baba da ƙafarsa. Da ya ji abin da aka yi, ya daina cin tuwo akushi ɗaya da Baffa. Daga nan ya daina amsa gaisuwarsa. A ƙarshe ya ce bayan girbi zai kwashe mu zuwa Shinkafi.

Inna ba ta iya yi masa magana, domin ɗan farinta ne. Ko sunansa ba ta faɗi, sai dai "wancan".

Ran nan yana zaune bayan danga yana goge takalmansa, sai ta ɗaga murya fiye da kullum.

"Ga ta nan tafe, ku buɗe kunne."

Ta ce wata shamuwa ce mai sheƙa a kan tsamiya. Duk rani takan tafi, ruwan farko ta dawo. Wata shekara aka yi shuka, aka yi noma, shiru. Tsamiya ta yi ta kuka har ganyenta ya zube. Da shamuwa ta iso ta ji labari, sai ta fusata: "Ina raye kika yi kukana?" Tsamiya ta ce, "Tsuntsu nawa sunka bar kaina ban zubda ko ganye guda ba? Duba sheƙarki, ko kara ban bari an ɗauka ba."

Na ce, "Sai shamuwa ta yi mi?"

"Ke dai Hajo kin cika ci da zuci, uwar 'yan tambaya! Nan tawa ta tsaya. Sauran na wurin shamuwa."

Ƙarar buroshi ta ɗauke a bayan danga.

Da safe Baba ya saɓa fartanya ya tsaya ƙofar ɗakin Baffa. "Sani, rana ta yi." Iyakar abin da ya ce ke nan. Ba mu koma Shinkafi ba.

Na daɗe ina ganin Inna ta cuce mu, ta ba mu tatsuniya guntuwa. Sai da na haifi nawa na fari, bakina ya yi nauyi a gabansa, na gane ba mu ta ba wa ba. Mu dai an aike mu ne, ba mu sani ba. Har ta koma ga Allah ba ta kira sunan Baba ba, shi kuma bai sake rasa zama bayan dangar nan ba.