Wa Zai Amsa wa Yarana Ranar Alhamis?

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Litinin, 4 ga watan Maris, da hantsi, shugaban makarantarmu ya leƙo ajina ya ce mai kula da gidan tarihi ya rasu. Kai ke nan, Baba Mai Makulli, kamar yadda yarana suka raɗa maka. Na yi salati, sannan na tuna ranar Alhamis mai zuwa ce ziyararmu ta bana.

Shekara goma sha ɗaya ina kawo maka 'yan aji biyar. Sukan shigo suna hamma, suna tambayar yaushe za a ci abinci. Wata ta taɓa duban tukwanen nan ta ce, "Baba, wannan ai shara ce aka sa a gilashi." Na ɗaga hannu zan make ta, ka ce, "Bar ta, Malama. Ba a ba ta labarinsu ba ne." Ka buɗe akwatin gilashin, ka ɗora mata tukunya a hannu, ka nuna mata shatin babban yatsan matar da ta gina ta. Yarinyar ta sa nata yatsan a gurbin. A ranar, da ƙyar muka fitar da ita daga wurin.

Jiya na koma gidan tarihin. Ma'aikaciyar da aka ba makullanka sabuwa ce, ta ce ba ka bar komai a rubuce ba, kayan kuma lamba kawai ke jikinsu. Ka sha ce mini in zo da littafi ka faɗa in rubuta, ni kuma kullum sai baɗi.

Na tsaya gaban lamba sittin da uku, ƙarfen nan mai baki biyu da kake ajiye labarinsa sai ƙarshe. Sau goma sha ɗaya ka ba da shi a gabana. Na tuna yara suna kama kumatu suna dariya, don haka ina zaton na cire haƙori ne. Wa ya ƙera shi, me ake kiransa, ban sani ba. Duk lokacin da kake magana ina can baya ina ƙirga kawuna, kada wani ya ɓace mini.

Tsoro nake ji, Baba. Yara arba'in za su nuna shi su ce, "Malama, mene ne wannan?" In na yi shiru za su koma gida da cewa shara ce, kuma babu mai ce musu a'a.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa haƙurin da ka yi da 'ya'yan mutane ya zame maka haske. Ina yi wa maiɗakinka da 'ya'yanka da jikokinka ta'aziyya, Allah Ya ba ku haƙurin rashi. Idan a cikinku akwai wanda Baba ya taɓa ba labarin ƙarfen nan, don girman Allah ya neme ni kafin Alhamis. Wannan karon zan zo da littafin.