Sun Goge Dattin, Sun Goge Sunanka

Daga Allah muke, gare Shi kuma za mu koma. Ranar Talata, sha huɗu ga watan Janairu, Allah ya karɓi ran Tatang Sumirat a gidansa da ke Bandung, ƙasar Indonesiya, bayan ya sha fama da ciwon ƙoda.

Kang Tatang, kamar yadda muke kiranka don girmamawa, tare muka yi karatun injiniya, tare muka yi aiki a masana'antar jiragen sama, rana ɗaya aka sallame mu. Ni na koma gida ina zagin duniya, har yau ban fasa ba. Kai kuwa ka zauna gaban kwamfuta kana zana fatar jirage, wato kamannin jikinsu, don masu wasan tuƙa jirgi a kwamfuta: fenti, ƙusoshi, ɗigon mai, baƙin hayaƙi a bayan inji. Na yi maka dariya, ka zuba mini kofi ka ƙyale ni.

Jirgi marar fenti shi ne gwanintarka. Ka sha jana zuwa inda aka yasar da tsofaffin jirage, mu tsaya cikin rana kana duban alminiyam. Kowane falle da irin haskensa, wani ya dusashe, wani hannun makanikai ya goge shi har ya yi santsi. Na taɓa cewa, "Kang, wa zai lura da wannan?" Ka ce, "Kai dai ba za ka lura ba, tsoho, tabaraunka ya girmi jirgin." Duk wanda ya rubuto yana son koyo, daga Medan ko Makassar, sai ka zauna ka koya masa, ba ka taɓa cewa ka gaji ba.

Sai wani kamfani na Jakarta, wanda ba zan ɓata wannan takarda da sunansa ba, ya karɓi aikinka na ƙarshe: tsohon jirgin fasinja mai farfela biyu, wanda ka zana kana zuwa wankin ƙoda. Kana kwance a asibiti suka fitar da shi kasuwa. Sun share hayaƙin, sun share man, sun mai da kowane falle fes kamar sabuwar tukunya, wai masu saye sun fi son ƙyalli. Da suka gama sai suka ce aikin ya canza, ba naka ba ne, suka cire sunanka. Ka duba a waya, ka ce, "Wannan bai taɓa tashi ba." Ba ka ƙara magana a kansa ba.

Ranar jana'iza suka aiko da allon furanni na ta'aziyya, aka jingine a ƙofar gida. Sunansu da manyan haruffa, naka ƙanana. Wannan ne kaɗai wurin da suka yarda sunanka ya zauna kusa da nasu. An yi ruwa, babura suka fantsama masa taɓo. Wakilinsu ya ciro hankici zai goge kafin ya ɗauki hoto. Matarka, Ceu Nining, ta fito ta ce, "Bar shi, ɗana. Kun goge abin da ya isa."

Jiya ta kira ni ta kunna kwamfutarka. Jirgin yana nan yadda ka bar shi, da hayaƙinsa da tabonsa. Mun sake shi a intanet kyauta ga duk mai so, da sunanka a sama. Idan 'yan kamfanin suna da abin cewa, sun san gidana.

Allah ya jiƙanka, Kang, ya yafe kurakuranka, ya sa ciwon da ka sha ya zama kaffara, ya haskaka kabarinka. Ina miƙa ta'aziyya ga Ceu Nining da 'ya'yanku, Wulan da Gilang. Allah ya ba su haƙuri, ni ma ya ba ni, don nawa ya ƙare.